Inda Fartanyar Bulus Ta Kai

Ruwan bana ya yi mana irin halin da na sani. Ya ƙi zuwa har aka fara fita roƙon ruwa, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya kamar mai fushi da wani. A cikin wannan ruwan ne katangar bayan gidana a Samaru ta kwanta. Da magini ya zo ya ja igiya zai fitar da sabon tushe, sai ya kira ni ya ce wanda ya gina tsohuwar katangar nan ko dai a buge yake ko ba ya gani. Ta taho a miƙe, tana zuwa daidai kututturen ɗorawa sai ta yi ƙusumbi ta shiga wajen maƙwabci, sannan ta dawo kan layi. Ɗana Nura ya ce ai sai a miƙar da ita kawai, wannan ɗan lungun ko akuya ba za a ɗaure a ciki ba. Na ce duk wanda ya miƙar mini da katanga, ni da shi ne. Suka kalli juna irin kallon nan na tsoho ya fara rikicewa. Ban rikice ba. A gabana aka auna lungun nan, kuma ba da igiya aka auna shi ba.

Shekarar da nake nufi ita ce ta wahalar nan da ake bin layi tun safe a kan sabulu da madarar gwangwani, ana ta sallamar mutane daga aiki. Ni ma ta shafe ni. Da ina bin wata babbar mota muna kai taki ƙauyuka, sai mai motar ya sayar da ita, na dawo gida na zauna. Muna ɗakin haya guda a ƙarshen Samaru, ni da matata Asabe, da Lami tana tatata, Nura kuma yana goye. Abin da ya rage mini a duniya gonar aro ce a bayan gari, ta Alhaji Tanimu, abokin marigayi babana. Ta faro daga bakin hanya ta gangara har wani ɗan rafi da ke zuba a Kubanni. Samanta tsakuwa ne, dawa kawai ke haƙuri da shi. Can ƙasa kuwa, wajen ɗorawa, baƙar ƙasa ce mai laushi, nan nake sa masara. Masarar nan ita ce ranmu, don ita ke fara nuna ta fid da mutum daga yunwar tsakiyar damina tun dawa ba ta yi ciki ba.

Ruwa ya yaudare mu a farko. Ya zubo sau ɗaya mai kyau, kowa ya ruga ya yi shuka, sai ya ɗauke. Tsiro ya fito ya tsaya, ya murɗe, ya bushe. Kai, an yi zafi! Kwanon ɗakinmu yana ƙara da rana kamar ana taka shi, ruwan randa ma da ɗumi. Rijiyar gidan sai an jira ta tara, guga ya fito rabi laka. Da yamma hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, mata su jera bokitai a ƙarƙashin indararo, sai ya watse ba ko ɗigo. Ana gab da ganin watan azumi sai ruwan ya dawo. Na juye ɗan sauran irin da Asabe ta adana cikin toka na sake shuka, ban bar ko ƙwaya a gida ba. Wannan karon bai ɗauke ba. Ya dinga zuba, shuka ta tashi, harƙiya da ƙiri-ƙiri suka tashi tare da ita, har sun fi ta sauri. Shan ruwanmu kunun kanwa ne tsararo da kwaɗon tafasa, sahur kuma abin da ya rage a gindin tukunya.

A kwanakin farko na azumi na ji zafi a idon sawuna na dama kamar an ɗora garwashi. Bororo ya taso, ya fashe, sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Kurkunu. Ruwan kududdufin da na sha a ƙauyuka bara ne ya biyo ni har gida. Ban gama jimami ba wani ya ɓullo a ƙwaurin hagu. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi, sai dai in ɗaga wando in nuna musu tabo. Tsutsa ce doguwa da ke fitowa ta fata a hankali, kuma ba a janta da ƙarfi. Tsinke ake samu a naɗe abin da ya fito, kullum a ƙara ɗan murɗi, a ɗaure da tsumma. In ta tsinke a ciki kuwa ka shiga uku, ƙafar za ta kumbura ta yi ruwa, wani ma ba ya sake miƙe ta. Ni da ake kira Dogo, da nake saɓa buhun taki in yi gudu da shi, sai ga shi ko bayi zan shiga sai Asabe ta riƙe ni.

Na yi tunanin gayya. To amma gayya da tuwo ake kiranta, mu kuwa tukunyarmu ko mu ba ta ƙosarwa. Ga shi ruwan ya haɗe wa kowa aiki lokaci guda, kowa yana fama da tashi ciyawar. Asabe ta ce za ta shiga da kanta. Ga goyo, ga azumi, ga shi 'yar cikin birni ce ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Na ce ta zauna kada mu kwanta mu biyu.

Wajen tsakiyar azumi Alhaji Tanimu ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mini sannu, ya daɗe yana jan carbi, na san da magana. Ya ce ya biyo ta gonar, ciyawa ta kusa shanye shuka. Ya ce ɗan ƙanenshi Garba an sallame shi daga masaƙa a Kaduna, ya dawo da 'ya'ya cike da ɗaki, kullum yana ƙofarshi yana roƙon wurin noma. Shi kuma ba zai zuba ido ƙasa ta tafi a banza a shekara irin wannan ba.

"Isiya, ba korarka nake ba," in ji shi. "Ranar jajibirin Sallah zan zo da Garba. Daga bakin hanya zuwa inda fartanyarka ta kai, naka ne. Abin da ya saura ya ɗauka, in an girbe ya mayar maka da irinka."

Ƙa'idar aro ke nan. Amma na san abin da take nufi. Daga hanya za a fara auna, masarata kuwa tana can ƙarshe. Da ya tafi na juya fuskata bango, na ƙi shan ruwa har Asabe ta yi kuka. Tsoro nake ji, wallahi, tsoro tsantsa, don na ga yadda wuyan Lami ya fara tsawo.

Bulus abokina ne tun muna yara a Muciya. Babanshi ma'aikacin reluwe ne, mutumin kudancin Kaduna, gidansu na kallon namu. Shan inna ta kama shi yana ƙarami, ta shanye ƙafafun duka biyu suka zama kamar sillen kara, ta kuma lanƙwasa mishi baya. Da hannu yake tafiya, ya sa silifa a tafukanshi ya ja jiki. Muna yara ni nake goya shi zuwa kallon ƙwallo, amma tun da gemu ya fito mishi bai sake yarda wani ya ɗauke shi ba, in ka gwada ma sai ka sha zagi. Yana da rumfa a gefen kasuwar Sabon Gari, yana gyaran takalma yana yanka na taya. Na sha tsokanarshi da cewa shi ne mai takalmin da bai taɓa sa takalmi a ƙafa ba, shi kuma ya ce ni ne dogon da ba a ajiye komai a saman ba.

Wata mai sayar da daddawa ce ta kai mishi labari. Da rana tsaka na ji ƙarar sarƙar kekenshi, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Tun daga Muciya ya murzo shi, ya biyo ta Palladan, ya hau gangaren nan duka a cikin rana, rigarshi sharkaf. Ya sauko ya ja jiki ya shigo ɗaki ba sallama, ya dube ni sama da ƙasa.

"Dogo, an ce ka shigo ƙungiyarmu, ba ka zo ka yi gaisuwa ba."

Na ce ba na son iskanci, ya fita. Bai ko kula ni ba. Ya kwance tsumman ƙafata ya duba tsinken, ya tambayi Asabe abin da Alhaji ya ce, ta faɗa mishi. Sai ya kama hannuna ya matse har na yi ƙara, ya ce ashe hannu kam kurkunun bai ci shi ba. Na gane inda ya nufa, raina ya ɓaci. Na ce in dai ja da gindi yake so in yi a cikin Samaru ana kallona, to gara gonar ta tafi.

"Kallo ba ya huda fata," ya ce. "Na gwada."

Washegari bai buɗe rumfa ba. Wanda ya san Sabon Gari ya san ƙarshen azumi shi ne kakar mai gyaran takalmi, kowa yana kwaso tsofaffi a ɗinke mishi saboda Idi. Bulus ya ja buhu ya rufe kayan aikinshi ya dawo Samaru da tsohuwar taya da robar ciki da gajerun fartanyu biyu da ya sa aka rage musu ƙota. A tsakar gidanmu ya zauna ya yanka mini mazauni na taya mai igiya da ake ɗaurawa a ƙugu. Ya yanka robar ciki ya yi mini kamar safa da za ta rufe ciwon da tsinken, kada laka ta shiga. Ya ba ni silifa biyu na hannu. Mai gidan hayarmu ya ba shi zaure ya riƙa kwana.

Ana idar da sallar asuba muke fita, don ni ne na kafe sai a lokacin da ba mutane a hanya. In zauna a katakon bayan keken ƙafafuna a miƙe, shi yana murzawa, damatsanshi suna tashi suna sauka. A bakin hanya muke barin keken mu gangara. Nan ya koya mini noman zaune. Ka zauna a kwarin kunya, ka share ta dama, ka share ta hagu, iyakar inda hannunka ya kai, sai ka dafa ƙasa ka ja jikinka da baya. Da baya fa, ba da gaba ba, don ƙafafu su biyo ka a kan wurin da ka riga ka share, kada su sarƙe a ciyawa. Ya gargaɗe ni kada in riƙa waiwaye, don waiwaye ke murɗa ƙafa. Sai ya zamana duk yini abin da ke gabanka shi ne wanda ka gama, wanda ya rage yana bayanka ba ka ganinshi.

Ranar farko na raina kaina. Kafin hantsi kafaɗuna sun mutu, tafukana sun yi bororo, tururuwa sun shiga wandona suna cin rabonsu. Ƙasa in ka zauna a kanta daban take da in kana tsaye. Ɗuminta yana shiga jikinka, warin ruɓaɓɓen ganye yana hancinka, in rana ta fito bayan ruwa tururi ya taso ya rufe ka kamar an kifa maka tukunya. Bulus kuwa ya yi kunya biyu kafin in gama ɗaya, yana waƙoƙin cocinsu da wannan muryar tashi mai kama da ta kwaɗo. Limaminmu ya ce marar lafiya irina ya sha ya rama daga baya, amma sau da yawa ba abin da za a ci ɗin, sai in kai azumin kawai. Na ce wa Bulus shi ya sha ruwa mana, ai ba azumi yake ba. Ya ce ruwa dai yana sha in na juya baya, abinci kuwa in na ga inda yake in nuna mishi. Da magariba Asabe ta raba faten tsaki da rama a kwano uku, ta gasa mana kafaɗu da ruwan zafi, ni kuma in ƙara wa tsinkena ɗan murɗi ina cije baki.

A hankali jiki ya saba. Tsakuwar sama ta ƙare, muka shiga jar ƙasar tsakiya. Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin hanya, wasu su ce sannunku, wasu su girgiza kai, yara kuma su yi dariya. Na ji kunya kwanakin farko har ba na ɗaga kai, daga baya gajiya ta fi ƙarfin kunyar. Garba ma yakan zo ya tsaya daga nesa ya duba inda muka kai, ya tafi. Ban ga laifinshi ba, amma duk ranar da na gan shi sai in ƙara sauri. Wata yana ta raguwa, mu kuma muna ta gangarawa, har na fara jin ƙarar rafin a bayana.

A goman ƙarshe abin ya faru. Muna gab da shiga baƙar ƙasa, inuwar ɗorawa ta fara taɓa mu da yamma. Zuciyata ta kasa haƙuri, na juya gaba ɗaya in ga saura nawa. Ƙafar dama ta murɗe, saiwar ƙiri-ƙiri ta shiga ƙarƙashin robar ta fizge tsinken. Wani ɗan sauti na ji kamar an tsinka zare. Bulus ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Kafin washegari ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, ko zane ya taɓa ta sai in yi ihu. Zazzaɓi ya rufe ni. Aka kira wanzami ya gasa ƙarfe ya yi mini sakiya, mugunya ta cika ƙwarya, na suma na farfaɗo. Ina jin ƙarar sarƙar keke da asuba tana fita, da magariba tana dawowa. In ya dawo sai ya leƙo ya ce sun shiga masara, shi da fartanya, ya ja jiki ya koma zaure. Asabe ta ce mini tafukanshi sun tsage, da robar ciki yake naɗe su.

Ranar jajibiri gari ya waye da wani irin nauyi, ba iska ko kaɗan. Asabe ta roƙi Bulus kada ya fita, ya ce mata, uwargida, yau ce fa ranar, ya tafi. Da hantsi gabas ta yi baƙi. Ruwan da ya sauko ban taɓa ganin irinshi ba kafin nan, kwano yana ruri ba ka jin maganar na kusa da kai, tsakar gida ta zama tafki nan da nan. Ina kwance sai na tuna yadda ɗan rafin nan yake yi in ya cika. Ba ya tsayawa a hanyarshi, kwarin kunyoyin ƙasa yake bi. Mai ƙafa zai miƙe ya gudu. Na ce wa Asabe ta nemo wani, ta leƙa ɗakunan gidan, maza duk sun tafi kasuwa cefanen Sallah. Na ce ta miƙo mini tayata da silifa.

Haka na fita, da rana, ranar da Samaru ta fi cika. Na ja jiki da baya a cikin lungu, ruwan kwata yana bi ta kaina, ƙafar nan tana bugawa kamar ana sara ta. Mutane sun fake a rumfuna suna kallona, wasu suna kiran sunana, Dogo lafiya, Dogo ina za ka. Ban ji komai game da kallon ba, ko ɗis. A barandar masallacin bakin layi na tarar da Alhaji Tanimu da Garba sun fake, a kan hanyarsu ta zuwa gonar. Na ce musu Bulus yana ƙasa wajen rafi. Garba bai tsaya tambaya ba, ya ɗora ni a kan kekenshi ya tura, Alhaji yana biye da sanda, babbar rigarshi ta manne a jiki.

Keken Bulus yana bakin hanya ruwa na dukanshi. Muka gangara, Garba yana riƙe da ni. Sama da tsakiya tas, kunya bayan kunya. Can ƙasa kuwa jan ruwa ne kawai yake gudu, kawunan masara suna leƙowa suna kaɗawa. Ban ga kowa ba. Na ƙwala kira har muryata ta fashe. Inna lillahi kawai Alhaji yake maimaitawa. Sai muka ji murya daga gindin ɗorawa tana cewa mu bi a hankali kada mu tattaka mishi aiki.

Yana zaune ruwa ya kai mishi ƙirji. Ya cusa hannun hagu a cikin wata saiwa da ta fito waje, ya ɗaure shi da robar ciki. Ƙafafun nan nashi ruwa ya kwashe su gefe yana wasa da su kamar tsumma. Leɓunanshi sun yi fari, haƙora suna haɗuwa. Hannun dama kuwa yana riƙe da fartanya. Da ruwan ya tare shi ya ga ba zai iya hawa ba, sai ya kama saiwar, ya ci gaba da share duk kan kunyar da hannunshi ya iya kaiwa ta gaba, a zagaye. Garba ya shiga ruwan zai ɗauke shi, Bulus ya daka mishi tsawa ya ce kada ya taɓa shi tukuna.

"Alhaji," ya ce, "inda fartanya ta kai, ko ba haka ka ce ba?"

Alhaji ya ce haka ya ce.

Sai Bulus ya kwanta a kan ruwan. Ya saki jikinshi gaba ɗaya, hannun hagu yana saiwa, ya miƙa na dama har na ji kafaɗarshi ta yi ƙara, fuskarshi ta nutse. Ya sara fartanyar a kan wata kunya can gaba, ya ja, guntun harƙiya ya fito da saiwarshi ruwa ya tafi da shi. Ya ɗago kai yana tari ya ce to, a kafa. Alhaji Tanimu, dattijo mai furfura, ya tattare riga ya shiga ruwa har cinya, ya kafa sandarshi daidai inda bakin fartanyar yake. Ni dai ina zaune a laka ina kuka kamar yaro, ba na ɓoyewa.

Garba ne ya goya shi zuwa hanya. Wannan ne karo ɗaya tak da na ga an ɗauki Bulus da girmanshi, shi ma ya ce don hannuwan sun ƙi jin magana ne. A gida yatsunshi suka ƙi sakin ƙotar, sai da Asabe ta tsoma hannun cikin ruwan ɗumi ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji bai bar mini gonar duka ba. Daga layin ɗorawa zuwa rafi ya ba Garba, kamar yadda ya faɗa. A lokacin na ji haushi, ban ɓoye ba, amma 'ya'yan Garba ma ciki gare su. Abin da ya zo hannuna ya haɗa da fiye da rabin masarar, har da wannan ɗan zagayen na gaban ɗorawa.

Mun yi Sallah ba sabon kaya, ba nama. Bulus ya koma Muciya ya kwanta jinya, kakar takalmanshi ta wuce shi. Ƙafata ta warke a hankali, ta bar mini ɗingishin da nake yi har yau. Da masara ta nuna, Lami ta ci har ta yi barci da guntu a hannu. Na karyo na cikin zagayen nan daban na kai Muciya, mamanshi ta gasa, muka zauna a ƙofar gida muna ci. Ya ce ba daɗi, ruwa ya yi mata yawa, ya kuma cinye guda huɗu.

Bayan shekaru gari ya iso wurin, magadan Alhaji suka fara yanka filaye, suka sayar mini da nawa a kan wannan iyakar, ƙusumbin da komai. Inda na yi noman zaune yanzu ɗakuna ne da shagon caji. Ɗan abin da ya rage a baya, Nura yakan turo yaro da maganin feshi ya kashe ciyawar kafin a ɗora shayi. Abubuwa sun same ni bayan wannan shekarar, har da rasuwar Asabe, wadda na ɗauka ba zan tashi ba. Duk lokacin da abu ya fi ƙarfina, sai in ga na koma yin yadda aka koya mini a kwarin kunya: in yi na dama, in yi na hagu, in ja jiki, ban waiwaya ba.

Shekaranjiya na buga wa Bulus waya na ce ana son miƙar da katanga. Sai ya kashe wayar. Kafin azahar sai ga shi a kan babur ɗinshi mai ƙafa uku, kai fari fat, 'ya'yanshi ne ke riƙe da rumfar yanzu. Ya sauko ya sa silifa a hannu ya ja jiki har bayan gida, magini da Nura suna ba shi hanya. Ya duba kututturen, ya lalubo saiwar, tana nan ta bushe. Ya ce a ba shi fartanya. Na ɗauko mishi gajeriyar nan, ita ɗin dai, don ban taɓa yar da ita ba. Ya cusa hannun hagu a saiwa ya kwanta a kan ƙasa, ya miƙa na dama wajen tsohon tushen katangar. Ya miƙa har jijiyoyin wuyanshi suka tashi. Bakin fartanyar ya sauka, saura kusan taƙi guda ya kai. Ya sake gwadawa, bai kai ba. Ya daɗe a kwance yana haki, sannan ya juyo ya dube ni.

"Dogo, ko dai Alhaji ya ƙara mana ne ran nan?"

Na ce ina wurin, idona biyu, ba wanda ya ƙara mana komai.

Nura bai sake cewa a miƙar ba. Shi da kanshi ya tsuguna ya cire turakun magini, ya mayar da igiyar ta bi tsohon tushe, ta zagaya gaban kututturen ta dawo. Magini ya ce bulo zai ƙaru. Na ce ya ƙaru.